Kwanon Hajiya da Loma Bakwai

Mu biyar ne muke ciyayya a ƙofar gidana, a Daura, tun shekarar da na ajiye aiki na dawo gida. Da an idar da sallar magariba kowa zai shiga ya ɗauko kwanon gidansa da kansa, tunda 'ya'yanmu duk sun girma sun watse. A shimfiɗa tabarma biyu a gindin darbejiya, a jera kwanuka. Akwai limamin masallacinmu, da wani tsohon tela, da wani tsohon direban tirela, sai taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana dillancin shanu tsakanin Mai'adua da Zango da Baure. Ni aikin duba lafiyar dabbobi na yi, don haka in muna shiri Likitan Shanu yake ce mini, in kuma tsokana yake ji ya ce Bature.

Ciyayyar tana da ƙa'ida ɗaya, ba mu muka kafa ta ba, haka muka ga iyayenmu suna yi. Ba a buɗe kwano biyu lokaci guda. Kuma mai kwano shi ne zai buɗe nasa, ya yi bismillah, ya yanko loma ya kai baki, sannan sauran su sa hannu. An ce a da can shaida ce ta cewa ba a zuba wani abu a ciki ba. Yau ba mai kawo wannan a ransa, amma hannu ya riga ya saba da jira. Aiki ya kai ni wurare, na ga kowa da irin tasa al'adar. A Sudan mu goma muke rufar wa farantin wake, ba mai jiran wani. A Faransa, inda aka tura mu kwas, matar gida ake jira ta ɗauki cokali. Wani Balarabe da ya sauke ni a Cadi kuwa tsaye ya yi a kaina, ya ƙi zama har sai da na ƙoshi. Tamu dai ita ce wannan: in mai kwano bai fara ba, ba a ci.

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, kwanon nan in ya koma cikin gida labari yake kaiwa. Mata suna duba shi. Su kuma mazan in sun shiga sukan ce yau miyar gidan wane ta fi. Kwanon maiɗakina, Hajiya, kullum a suɗe yake komawa, har direba kan zuba ruwa ya ɗauraye ya shanye. Shi ya sa shekara da shekaru in ana biki ko suna a unguwarmu, wasu su yi daka, wasu su yi tankaɗe, wasu su tuƙa, amma babbar tukunyar miya ba mai zuba mata gishiri da daddawa sai Hajiya. Ita ce mai ɗanɗanon ƙarshe. Tana da wani dogon ludayi da take tafiya da shi a cikin mayafi. Ba ta taɓa faɗa ba, amma na san tana ji da ludayin nan fiye da yadda nake ji da duk takardun shaidar da na tara.

Bara da damina na fara jin nauyin jiki. In na yi sujada, tashi sai da dabara. Autarmu, wadda ke aiki a Abuja, ta zo hutu ta matsa mini sai da ta kai ni asibiti. Likitar, yarinya ce sa'arta, ta gama aune-aunenta ta ce, "Baba, jininka ya ɗan hau, sugan ma yana bakin ƙofa. Ka rage ƙiba, ka rage gishiri, ka rage zaƙi, ka riƙa tattaki." Abu huɗu ta faɗa. Ni na farkon na riƙe da ƙarfi.

Kafin auta ta koma ta karɓi wayata ta sa mini wata manhaja mai ƙirga kalori, wato ƙarfin da kowane abinci ke ba jiki. Ka rubuta abin da ka ci, ta gaya maka nawa ka ci, nawa ya rage maka a yinin. In ba ka wuce iyaka ba ta nuna kore, in ka wuce ta yi ja. Ta kuma sayo mini sikelin da ake takawa, ta tura ƙarƙashin gado.

Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, domin aikina ke nan. Shekara talatin ina auna wa shanu dusa da angurya da harawa, ina rubutawa. A Ingila na sha ganin mutane a kanti sun juya gwangwani suna karanta ƙananan rubutun bayansa kamar an aiko musu da wasiƙa. Lokacin dariya suke ba ni. Yanzu ga ni na shigo sahu, har da ɗoki.

Tun ranar farko aka sami matsala. Da safe na sha koko da ƙosai, na rubuta, waya ta ce ba ta san su ba. Da rana Hajiya ta yi dambu, shi ma ba ta san shi ba. Na rubuta tuwon dawa da Turanci, na gwada da Faransanci, na koma Larabci, ta kawo mini wani fate na mutanen wata ƙasa da ban taɓa gani ba. Miyar kuka kuwa hoton itacen ta nuna mini. To ko da ta san tuwon ma, a ciyayya wa ya san iyakar abin da ya ci? Hannu biyar a kwano ɗaya, kuma kwanon guda biyar.

Na ce bari a bi ta hanyar ilimi. Na aro ƙaramin sikeli, na shiga kicin Hajiya tana kwasar tuwo.

"Lafiya, Alhaji?"

"Malmala ɗaya zan auna."

"Ka auna me?"

"Tuwon. Sannan ki gaya mini man ja cokali nawa kika zuba a miya, da daddawa nawa."

Ta ajiye mara ta dube ni. "Shekara arba'in da biyar ina yi maka tuwo ban taɓa ƙirgawa ba. Ido ne da hannu. Kuma mu a gidanmu, mai auna wa mutum abinci marowaci ake ce masa. Fita, hayaƙi zai shiga maka ido."

Na fita da sikelina.

Kusa da tashar mota an buɗe wani sabon shagon abinci irin na zamani, mai ƙofar gilashi da na'urar sanyi. Ina tattakin da likita ta ce ne, bayan la'asar, na leƙa don in ga abin da samari ke tururuwa a kai. Shawarma ce, da soyayyar kaza da soyayyen dankali, da burodi mai nama a tsakiya, da lemon kwalba. Irin abincin da na sha ci a tsaye a tashoshin jirgi na ƙasashen mutane, don ba yadda zan yi. Don gwaji kawai na rubuta shawarma a waya. Nan take ta kawo, har da hoto, har da ƙarama da babba. Na rubuta kaza, ta kawo. Lemo, ta kawo. Duk abin da ke shagon nan ba wanda ba ta sani ba.

A nan son lissafi ya rufe mini ido. Na ce ashe ga abinci mai gaskiya, wanda aka san adadinsa. Na tsara wa kaina: da safe shayi da biskit biyu, tunda an rubuta lissafinsu a jikin leda. Da rana in ce wa Hajiya ina ragewa ne. Da la'asar in zo nan in ci shawarma ɗaya da lemo, wata rana kaza da dankali, in tsaya daidai kan iyaka. Waya ta yi kore shar. Ban gaya wa kowa ba. A ce an ga tsoho mai jikoki a layin samari yana cin abin leda, kuma yana ƙirga abin da Allah ya ba shi, ai da kunya. Sai in zauna can lungu in ba ƙofa baya.

Da magariba na ɗauko kwanon gidana kamar kullum na ajiye. Da layi ya zo kansa na buɗe murfi na tura tsakiya.

"Bismillah, ku ci. Ni alhamdu lillahi."

Ba wanda ya motsa. Tela ya dubi liman, liman ya dubi kwano.

"Ku ci mana."

"To, to," in ji direba, ya jawo nasa kwanon ya buɗe.

Na ɗauka abin na kwana ɗaya ne, gobe za su saba. Ba su saba ba. A rana ta uku liman ya ɗan gutsiri gefe don ya fid da ni kunya, amma shi ma hannunsa bai koma ba. Taubashina ya ce, "Bature, kai naka azumin sai an sha ruwa kake ɗauka?" Aka yi dariya. Na ce cikina ne ba daɗi, suka yi mini sannu. Na ɗauki kwano da nauyinsa na mayar ciki.

Ranar farko Hajiya ta buɗe, ta rufe, ta ajiye gefe. Kashegari ta canza girki. Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta yi biskin gero da yakuwa. Ta yi ɗanwake har da ƙwai. Har waina ta yi, wadda a gidanmu sai da sallah ake ganinta. Duk suka fita, duk suka dawo. Da safe ta ɗumama ta ci abin da za ta iya, saura a zuba wa kaji. Kajinmu ba su taɓa ƙiba irin ta wannan lokacin ba.

Ni kuwa sikeli yana ta ba ni labari mai daɗi. Cikin mako uku wandona ya fara zamewa sai da na ƙara jan mazagi. Sai dai ga ƙishirwa ba ta yankewa, ga ciwon kai, bayan gida ya zama aiki, da hantsi kuma yunwa ta riƙa addaba ta. Na ce wa kaina alama ce abin yana aiki.

Ran nan aka yi suna a gidan tela. Hajiya ta tafi tun da hantsi da ludayinta. Kafin azahar sai ga ta ta dawo. Ina tsakar gida ina rubuta biskit a waya.

"Har an gama?"

"Ba a gama ba."

Ta zauna a kujerar tsugunno, ta fito da ludayin ta ajiye a gabana. A bushe yake.

"Albasa aka ba ni in yanka, Alhaji. Ni. Da na gama aka ce in huta, ai na sha wahala shekara da shekaru, yara za su ƙarasa. Ina zaune ina kallo wata ta zuba gishirin. Da zan fito matar direba ta rako ni, ta ce mini a hankali wai tsufa haka yake, harshe yakan daina jin gishiri, babarta ma haka ta yi, kada in damu."

"Wa ya ce miyarki..."

"Kwanona ya ce. Mako uku yana fita yana dawowa. Mazansu sun gaya musu mai gidan ma ba ya iya sa hannu. Kuma saura kwana goma bikin jikar taubashinka. Ni na yi miyar bikin uwarta, ni na yi ta sunanta. Har yau ba a aiko mini ba."

Na ce ai likita ce.

"Likita cewa ta yi ka rage, a gabana auta ta maimaita. Ba ta ce ka daina ba." Ta miƙe ta ɗauko rigar da na cire jiya, ta nuna mini wani ɗigon maiƙo a ƙirji. "Wannan man ba na tukunyata ba ne. Nawa ba ya wannan ƙarnin." Ta ajiye rigar ta shige ɗaki.

Da ina da hankali, da a nan na faɗi gaskiya. Amma sai na ce bari in cika wata ɗaya in koma asibiti, in likita ta yaba, sai in zo da hujjata a hannu. Don haka kashegari da la'asar na sake komawa lunguna.

Na kai rabin shawarma ke nan na ji an doka sanda a ƙasa kusa da ƙafata.

"Salamu alaikum, masu ciwon ciki."

Taubashina ne. Har yanzu ba ya iya barin kasuwar shanu ta wuce shi, ko da kallo ne, kuma motar da ta dawo da shi a bakin shagon ta sauke shi.

"Ka ba ƙofa baya wai kai dabara. Wannan ƙeyar ko cikin garke ta shiga zan ware ta. Ci, ci, kada in katse ka. Me ake kiran wannan? Tsumma aka naɗe?"

Ba yadda zan yi, na fito da waya na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Sannan ya ce, "Tashi tsaye."

"In yi me?"

"Ka sha duba mini shanu. Yau ni zan duba."

A gaban samarin nan ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa. Ya tsunkuli fatar hannuna ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take komawa a hankali. Ya danna ƙwaurina da yatsa. Ya zagaya ni sau biyu yana girgiza kai.

"Buɗe baki."

"Kai, ka manta ni ne ubangidanka?"

"Bawa dai. Buɗe."

Na buɗe. Masu shagon har sun daina aiki suna kallo.

"Ido ba haske, fata ta bushe, ƙafa ta ɗan tasa. Gashi kuwa da ma babu, balle a duba sheƙinsa. Wannan ko kyauta aka ba ni ba na kora shi gida." Ya zauna. "Likitan Shanu, wata shekara a Zango ba kai ne ka tsare ni a kan bijimin da na turke ba? Ka ce dusa da kanwa zalla nauyi kawai za su sa masa, sai na haɗa masa da ɗanyar ciyawa da harawa. Ka ce sikeli nauyi kaɗai ya sani, bai san lafiya ba. Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

"To shi nauyinsa ya hau ba lafiya, kai naka ya sauka ba lafiya. Ina bambancin?"

Sai ya rage murya. "Wannan jikinka ne, kai ka sani. Amma ka san abin da ka ja wa baiwar Allahn nan? Matata ta ce a ba wata miyar bikin. Ni na ce a dakata. Mu a tabarma mun ɗauka faɗa kuka yi, liman har yana shirin shiga tsakani."

Ban ƙarasa shawarmar ba. Shi ya ƙarasa ta, yana ci yana kushewa.

Ina shiga gida na zayyana wa Hajiya komai. Ta ci gaba da tsince wake.

"Wato waya ba ta san tuwo ba," ta ce, "sai ka bar tuwon ka riƙe wayar."

"Haka aka yi."

"Da duk harsunan nan da kake ji."

"Da su duka."

Na ga gefen bakinta ya motsa, amma ta danne. "Gobe tare za mu je wajen likitar. Ina so in ji da kunnena."

Muka je. Nauyi ya sauka, gaskiya ne. Amma jini ya hau fiye da da, sugan kuma yana nan inda yake. Likita ta tambayi abin da nake ci, na miƙa mata waya da korenta jere. Ta duba, ta rufe baki da takarda.

"Baba, wayar ba ta yi maka ƙarya ba, amma abu ɗaya ka sa ido a kai. Gishirin da ke cikin abin nan fa? Man da aka soya, aka sake soyawa? Sukarin lemon? Wa ya ce ka bar abincin gida?"

Daga nan ta juya wajen Hajiya, suka shiga magana kamar ba na wurin. Dawa da gero sun fi farar shinkafa. A rage man ja, a rage dunƙule da gishiri, daddawa ta tsaya. A yawaita zogale da rama da kuɓewa da wake. Tuwo kuma kada ya wuce girman dunƙulen hannuna.

"Ba a faranti yake ci ba, 'yata," in ji Hajiya. "Ciyayya suke yi, kwano biyar. Gaya mini da loma."

Likita ta dubi hannuna, ta yi ɗan tunani. "Irin tasa lomar, Mama, ki ce bakwai. Duka-duka, ba kowane kwano ba. Ganye kuwa ya ci ya ƙoshi."

A hanya Hajiya ta raba su da kanta: uku a kwanonta, ɗaya-ɗaya a sauran huɗun, don kada a ce na raina girkin wata.

Da magariba ta ɗora mini kwano biyu. Babban kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli, ɗayan tuwon dawa da ɗanyar kuɓewa da busasshen kifi. Kafin in buɗe na ce ina da magana. Na faɗa musu duka, har da lungu, har da ƙeya. Abin da na rage taubashina ya cike, ya kuma ƙara da nasa. Direba ya yi dariya har ya sarƙe sai da aka ba shi ruwa. Liman ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni har na shirya nasiha mai tsawo a kan zaman aure." Tela ya ce a ajiye ta, ba a san gaba ba.

Na buɗe kwanon tuwo, na yi bismillah, na yanko na kai baki. Kafin in haɗiye hannu huɗu sun sauka.

"Ɗaya!" in ji taubashina.

Ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa. A ta biyu ya ce wannan ba loma ba ce, malmala ce, biyu za a ƙirga. Na ce liman ya raba gardama. Liman ya ce a bar ta ɗaya, amma a ja kunnena. Da na cika ta bakwai a kwanon tela na miƙa hannu kamar ban sani ba, sai na ji sanda a wuyan hannuna.

"An tashi kasuwa, Bature. Ga ciyawarka can."

Na koma kan zogale, su ma suka biyo ni suna mita wai an mai da su awaki. Suna mitar ne har kwanon ya ƙare. Direba ya zuba ruwa a kwanon tuwo ya ɗauraye ya shanye.

Na shiga da kwanuka biyu a hannu ɗaya. Hajiya tana tsakar gida. Ta karɓa, ta buɗe, ta karkata kwanon wajen fitila ta duba har gindi. "Ajiye can wajen wanke-wanke," kawai ta ce.

Kwano ɗaya bai isa ya goge mako uku ba. Sai da ya yi kwana uku yana komawa wayam, labarin shawarma kuma ya gama zagaya gidajen, sannan matar taubashina ta zo da kanta da goro a faranti. Ina ɗaki ina jin su.

"Hajiya, maganar miyar bikin jikarki ce."

"Ayya, ai ni harshena ya tsufa. A nemi yara."

"Haba Hajiya, wa ya faɗa?"

"An faɗa."

Da yamma sai ga matar direba, ita ma da nata goron, tana cewa ita wallahi tausayi ne ya sa ta magana. Hajiya ta bar su suka yi ta roƙo har ta ga ya isa, sannan ta ce to, saboda yarinyar.

Manhajar tana nan a wayata, kullum tana tambayata me na ci. Ban cire ta ba don kada auta ta ji ba daɗi, amma na bar amsa mata. Jinin ya sauka a hankali, nauyin ma haka, ba da gaggawar da ya yi da farko ba, kuma yanzu ina tashi daga sujada ba tare da na dafa kafaɗar tela ba.

Ranar bikin aka fito mana da namu kwanon a ƙofar gidan taubashina. Shi ne mai gida, shi ya buɗe ya fara. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce wannan miyar ko ba a faɗa ba an san hannun. Ni na san an rage gishirin, an ƙara daddawa, domin irinta nake sha a gida, amma ba wanda ya lura, ni kuma ban tona ba. Na roƙi a ƙara mini loma ɗaya albarkacin biki. Ya ce ko a bikin jikarsa bakwai bakwai ce, in ina da ƙara in kai wajen mai miya.

Sai bayan la'asar Hajiya ta dawo, ƙafafunta sun gaji, mayafinta duk ƙanshin hayaƙi. Ta zauna a kujerar tsugunno ta fito da ludayin. Har mariƙinsa miya ce.

"An ce ka nemi ta takwas."

"An hana ni."

"Daidai ne." Ta miƙo mini ludayin. "Ungo, suɗe wannan. Waya ba ta san shi ba."